Hannun Baba a Kan Soro

Gwallaga, Bauchi
Disamba, 1959

Ƙanena Ja'afaru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta, ya kuma haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na san wayar tangarahon da Baffa Bakari ya buga maka ta isa Amirka, amma waya ba ta da bakin ba da labari, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, sai ka ce kaza ta yi tono.

Ga yadda abin ya faru. Da ruwa ya ɗauke, Baba ya ce rufin soronsa ya gaji, zai kankare shi ya sake yaɓewa. Ka san halinsa, maginin da ya gina wa manyan Bauchi gidaje, nasa sai ya gama da na kowa. Suka hau shi da Zakka, tsohon abokin aikinsa. Sun kankare, sun yi yaɓen farko, saura ya bushe a bi shi da makuba don kada ruwa ya ratsa. Zakka ya ce suna wajen indararo Baba ya ce yana jin jiri, ya dafa ɗanyen yaɓen da hannun dama, ya jima a haka. Sannan ya sauko da ƙafarsa, ya wanke hannu, ya ce a dama masa kunu. Ban gama damawa ba rai ya yi halinsa.

Ni dai har yau ban yi kuka ba. Mata sun cika gida suna yi, ni ina ta raba tuwo. Wata ta riƙe ni ta ce, "Saudatu, ki saki zuciyarki mana." Na ce to. Ban san ta inda ake sakinta ba.

Bayan addu'ar bakwai na hau soron in shanya kuɓewa, sai na ga hannun. Yaɓen ya bushe da shi. Tafin da yatsu biyar, har da karkataccen ɗan yatsan nan da azara ta taɓa dannewa. Na sa nawa a ciki, ya yi mini yawa. Ban ji komai ba, amma tun daga ranar kullum sai na hau, in zauna kaɗan, in sauko.

Inna tana takaba, tana gaishe ka. Baffa ya ce tunda ba a raba gado ba, kuma kai ne namiji, ba za a taɓa komai na gidan ba sai da izininka. To ka aiko da izinin a ƙarasa aikin kafin bazara.

Ka riƙa cin abinci, ko da ba daɗi. Allah ya sada mu da alheri.

Addarka,
Saudatu

*

Bostan, Amirka
Janairu, 1960

Adda Saudatu,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan ke da Inna da Baffa da duk mutanen gida kuna lafiya. Takardarki ta zo, na gode. Rubutunki ya fi na wasu ɗalibaina na Midil, ki daina zagin kanki.

Kin ce ba ki yi kuka ba. To ashe gado ne. Ranar da wayar ta zo na karanta ta a tsaye, na ninke, na shiga aji, har tambaya na amsa. Da na fito ƙanƙara ta rufe gari fari fat, na yi ta tafiya a cikinta har yatsuna suka daina jin komai. Haka nake har yanzu, ciki da waje.

Bari in gaya miki abin da na gani, don shi ne dalilin amsar da zan ba ki. Makon jiya kwaleji ta kai mu, mu baƙin ɗalibai, unguwar masu kuɗin garin nan, a kan wani tudu. Adda, masu kuɗinsu ba sa alfahari da sabon gida, da tsoho suke yi. Gidaje ne na jan bulo, a jere, kafaɗa da kafaɗa, tagogi masu ƙananan gilasai, wasu da fararen ginshiƙai a bakin ƙofa. A jikin wasu an manna ɗan allon tagulla mai ɗauke da shekarar ginin da sunan wanda ya gina. Akwai wanda ya girmi ganuwar Bauchi.

Aka shigar da mu ɗaya. Mai gidan wata tsohuwa ce, kakan kakanta ne ya gina shi. Ta kai mu ɗakinsa, an gitta igiya a ƙofa, daga nan ake leƙawa. Ga gadonsa, ga kujerarsa, ga tabaransa a kan tebur kamar yanzu ya fita kama ruwa. Matakalar katako ta lotsa daidai inda yake taka ta. Tsohuwar ta ce, "Yadda ya bari haka muka bari."

Kowa yana kallon gado, ni ɗan magini ina kallon rufi. Wallahi ban ga wanda ya kai na soron Baba ba, bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, babu ƙusa ko ɗaya. Amma wa ya san sunansa in ba mu ba? Mu kowace shekara sai mu kwaɓa ƙasa mu shafe abin da iyayenmu suka yi, sannan mu zauna Bature yana gaya mana ba mu da tarihi. Ga shi bana za a ba mu mulkin kai, me za mu nuna?

Saboda haka ga amsata, ki sanar da Baffa. Kada a taɓa rufin nan. Kada a sa makuba, kada a sa komai. Ban ga gawarsa ba, ban raka shi kushewa ba, wannan hannun shi kaɗai ya rage da zan gani. A bar mini shi har in dawo ƙarshen shekara. Ginin Baba ba zai ji tsoron damina ɗaya ba.

Ki gaida Inna, ki ce ina neman addu'arta. Ki gaida Zakka.

Ƙanenki,
Ja'afaru

*

Bauchi
Watan Azumi

Zuwa ga ɗanmu Malam Ja'afaru Ladan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya ba da abin da aka je nema. Mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne yake rubuta mini, don haka zan taƙaita.

Amma ba'adu. 'Yar'uwarka ta karanta mini saƙonka. Na ji, kuma ban raina maganarka ba, gida gidanka ne. Sai dai ina tunatar da kai abin da ka sani. Rufin da aka kankare aka bari da yaɓen farko tsirara yake. Marigayi ɗan'uwana da kansa ba ya barin rufin wani ya kwana biyu a haka in hadari ya fara taruwa, balle nasa. Gidajen da ka gani na bulo ne da dutse, namu na ƙasa ne, ƙasa kuwa sai da hannu.

Zakka ya samu aikin hanyar jirgin ƙasa da ake kawowa, amma ya ce ba zai tafi ba sai ya ƙarasa wa maigidansa aiki. Ba za mu iya tsare shi har abada ba.

Ban zo in yi maka dole ba. Ina roƙon ka sake dubawa, ka aiko da kalma ɗaya kafin ruwa ya sauka. Idan ka ce a'a, mun bari, kuma mun fita haƙƙi.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Wassalam.

Baffanka,
Bakari

*

Gwallaga, Bauchi
Yuni, 1960

Ja'afaru,

Bayan gaisuwa. Barka da Sallah, ko da yake ban san ko a can kun san an yi ba. Muna lafiya. Inna ta fita takaba tun tuni, ta rame amma tana cin abinci.

Baffa ya ce ya rubuta maka tun azumi, shiru. Kullum ya shigo sai ya tambaye ni ko an samu takarda, in ce a'a, ya dubi sama, ya fita. Ko ƙanƙarar ce ta daskarar da alƙalamin?

Kada ka ɗauka faɗa nake yi. Ni ma da nawa. Kafin ruwan farko Zakka ya zo da tulun makuba a ka, bai yi shawara da kowa ba. Ya ce, "'Yar maigida, ki matsa in hau. In ya dawo ki ce ni ne, ya zage ni, ba komai." Na tsaya a bakin matakala na ɗaga masa takardarka, shi da ba ya karatu. Na ce mai gida ya hana. Ya dube ni ya ce, "Shi yana Amirka. Ke ce a nan." Ban matsa ba. Ya sauke tulun a gindin bango ya tafi, yana nan har yanzu ya yi tsutsa. Gaskiya ko ba ka hana ba, ban san ko da na matsa ba. Da ka rubuto haka sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Hannun yana nan lafiya. Na kife shi da babban daron Inna, na ɗora dutse, na zagaye bakin da tsumma. In an ɗauke ruwa sai in hau in buɗe. Ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Sauran rufin ne dai. Ya fara laushi, in na taka sai sawuna ya fito. Ciyawa ta tsiro ta gabas. A ciki kuma akwai wuri biyu da ke ɗiga, na tara kwanoni. Bakan da ke wajen ƙofa ya yi wani dogon tabo baƙi. Na kwashe littattafan Baba da buzunsa na kai ɗakin Inna. Ita ko soron ba ta kallo in za ta wuce.

Gari kuwa ana ta shirin mulkin kai. An ce kowa ya shafa farar ƙasa a bangon da ke kallon titi, 'yan makaranta suna ta koyon sabuwar waƙa da maci. Ina jin su daga kan soro. Mutane suna ta murna, ni kamar ana biki a gidan da ban sani ba.

In kana da magana ka yi ta yanzu. In babu, ka dai rubuto mu san kana raye.

Addarka,
Saudatu

*

Bostan, Amirka
Yuli, 1960

Adda,

Gaisuwa mai yawa. Ina raye. Takardar Baffa ta zo a kan lokaci, na karanta, na sa a aljihun kwat. Kullum sai in ce gobe zan amsa. Ba ƙi na yi ba, ba kuma yarda na yi ba, in na zauna da takarda sai in ga babu kowa a cikina da zai yi magana. Ki ba shi haƙuri kafin in ba shi da kaina.

Taki ta zo shekaranjiya. Da na karanta na kasa zama a ɗaki, na fita, ƙafa ta kai ni unguwar nan ta kan tudu. Yanzu zafi ake yi a nan, lokacin gyare-gyarensu. Na iske gidan tsohuwar an jingina masa tsani ta ko'ina. Wasu suna kankare fentin tagogi, wasu suna kan rufi suna jefo ruɓaɓɓun katakai ƙasa, wani yana ƙwaƙule tsakanin bulo yana cusa sabon kwaɓi. Ɗaya daga cikin fararen ginshiƙan nan yana kwance a kan ciyawa, cikinsa duk gara.

Tana zaune a bakin ƙofa da malafa. Ta gane ni, don baƙin mutum ba ya ɓata a unguwar. Na ce, "Ba kin ce yadda ya bari haka kuka bari ba?" Ta yi dariya ta ce, "Tabarau ke nan, yaro. Gida kam ai kullum hannu yana kansa. Wannan rufin ni kaina na sauya shi, mahaifina ma ya sauya." Na tambaye ta matakalar da ta lotsa fa? Ta ce wannan ta gaske ce, amma abin da ke riƙe da ita ta ƙasa sabo ne.

Na tsaya ina kallon masu aikin har suka tashi. Rana ɗaya aka kai ni na leƙa ta bayan igiya, a tsakiyar sanyi, na dawo na yanke wa gidanmu hukunci.

Adda, a rufe shi. Yau da safe na buga wa Baffa waya, za ta riga wannan isowa. A nemo Zakka duk inda yake, a sa makuba, a shafe har hannun. Na haƙura da ganinsa. Ke da kika gani, ki riƙe mana.

Ki gaida Inna. Allah ya sa ban makara ba.

Ƙanenki,
Ja'afaru

*

Gwallaga, Bauchi
Agusta, 1960

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu duka lafiya, babu wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don ka karanta sauran a zaune.

Wayarka ta zo, Baffa ya aika har sansanin masu aikin jirgi aka kira Zakka. Ya zo washegari, ya hau, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya sauko ya ce makuba ba ta kama jiƙaƙƙen rufi, sai an samu rana mai ƙarfi ta kwana da kwanaki, ga shi kuwa watan marka ne. Suka shimfiɗa zana da tsofaffin tabarmi a sama, suka tokare bakunan da gwafanni ta ciki. Muka zauna jiran rana. Ka san Agustan Bauchi.

Ranar Juma'a ne, maza sun tafi masallaci, ana yayyafi. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Ban ji wata babbar ƙara ba, wani irin nishi ne kawai, sannan gidan ya girgiza, kaji suka watse. Da na ɗaga kai babu rufi. Bakunan huɗu duk sun zauna a cikin ɗakin. Na ci gaba da tsince shinkafar har na gama, don ban san me kuma zan yi ba. Maƙwabta suka shigo suna salati, ni na ba su tabarma.

Da yamma Inna ta fito, karo na farko da ta tsaya gaban soron tun rasuwar. Wani babban ɓangare na rufin ya faɗo ta gefe, bakin karayar yana kallonmu. Sai ga yaɓe a kan yaɓe, hawa-hawa kamar ɓawon albasa, wani ja, wani baƙi, wani da ciyawa. Ta sa yatsa a kan wani na can ƙasa ta ce, "Wannan na kakanku ne. Shi ma bai gama ba ya rasu. Ubanku ne ya hau ya rufe, ko sadakar bakwai ba a yi ba, yana yi yana share ido da kafaɗa." Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa tuntuni?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Kun ce takarda ta zo daga Amirka."

Daron ya lotse, na same shi a ƙarƙashin azara. Hannun ya fashe. Na tono abin da na samu, yatsu uku ne da rabin tafi, har da karkataccen. Na naɗe a ɗankwali na sa a ƙarƙashin gadona.

Baffa ya zagaya gari neman wanda zai sake ɗaura bakunan. Zakka ya ce shi miƙo azara ya iya, lanƙwasa ta aikin maigida ne. Waɗanda suka iya biyu ne, ɗaya ya makance, ɗaya ya ce yanzu siminti yake yi. Don haka in rani ya yi kwano za a buga. Baffa bai zarge ka ba, bai zarge ni ba, da ma ya yi faɗa.

Kada ka ce kai ne. Kai ka rubuta, ni na tsaya a matakala. Zaure yana nan tsaye amma ruwa ya ci fuskarsa, shi ma yana neman hannu. Wannan karon ban tambaye ka ba, sanar da kai nake yi.

Ka kula da kanka. Inna tana sa maka albarka.

Addarka,
Saudatu

*

Gwallaga, Bauchi
Oktoba, 1960

Ja'afaru,

Gaisuwa. An ba da mulkin kai, mun ji ganguna daga fili, ba mu je ba.

Ruwa ya ɗauke, an yaɓe zaure. Zakka ya ce babu ƙasar da ta kai tsohuwar ƙasa kyau, don haka ta soron aka farfasa aka jiƙa a rami. Ranar da za a kwaɓa na ɗauko ɗankwalin nan, na kwance, na zuba a ciki. Zakka ya gani, ya juya baya. Na tuɓe takalmi na shiga na taka da ƙafata har ya narke. A nan kukan ya zo, a gaban lebura, ban iya tsayar da shi ba sai azahar.

Ka ce in riƙe mana. Yana jikin zaure. In ka zo kada ka tambaye ni ta wane gefe, ban sani ba. Baɗi kai za ka yaɓe.

Sai ka zo.

Addarka,
Saudatu